Gatse da Gaisuwa a Kunnen Mai Galahanga

Wannan ɗan rubutu zai yi tsokaci ne a kan wani ɓangare na ilimin ma'ana da ba kasafai ake taɓo shi a aji ba, wato yadda mai lalurar galahanga yake jin zancen mutane. Ni ma ina cikin masu ita, kuma tun da na kammala bautar ƙasa ban sami aiki ba.

Likita Leo Kanner ne ya bayyana lalurar a Amurka a shekarar 1943, bayan ya nazarci yara 11. To, yaran nan suna girma, kuma babba yana buƙatar aiki da abokan hira. Ƙididdigar hukuma a Birtaniya ta nuna cewa a 2020 kimanin kashi 22 cikin ɗari ne kacal na manya masu galahanga suke da aiki. A Nijeriya kuwa, dokar da aka sanya wa hannu a 2019 ta ware wa masu buƙata ta musamman kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, sai dai takarda daban, aiwatarwa daban.

Ina harshe ya shigo? Masani Paul Grice ya nuna a 1975 cewa mai magana yakan nufi fiye da abin da ya furta. Bahaushe gwani ne a nan. Idan yaro ya fasa tulu aka ce masa "Ka kyauta!", kowa ya san gatse ne. Ni kuwa sai na tsaya na auna murya da fuska kafin in gane, kafin nan hira ta yi gaba. Haka habaici da zolaya, waɗanda su ne gishirin majalisa. Wanda ba shi da wurin aiki majalisa ce ofishinsa. Idan ita ma ta gagare shi, sai zaman ɗaki, har a fara cewa girman kai ne da shi. Damian Milton, wanda shi ma yana da lalurar, ya bayyana a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: yadda ban karanta su ba, haka su ma ba su karanta ni ba.

Gaisuwa ce ta buɗe mini ƙofa, domin tana da tsari. "Ina kwana?" "Lafiya lau." "Ina gajiya?" "Ba gajiya." Har "Ina aiki?" nakan amsa da "Aiki da godiya", ko da yake ba ni da shi! Da ita na saba da wasu dattawa masu yin dara a Sabo ta Ibadan. Dara ma doka gare ta, kuma ido yana kan gurbi ne, ba a kan fuskar abokin wasa ba. Da ɗaya daga cikinsu ya lura da halina, sai ya riƙa ƙara "wasa nake yi, ɗana" a bayan kowace zolaya. Yanzu sauran ma sun ɗauka.