Da Wane Mudu Ake Auna Dimokuraɗiyya?

Ya ku sababbin masu zaɓe na Rayfield: wanda zai zauna a Gidan Gwamnatin da ke unguwarku, ƙuri'ar jama'ar Filato ce ke kai shi can. Manufar dimokuraɗiyya ke nan, mulki da yardar waɗanda ake mulka. To, yaya ake gane cewa yardar ta samu?

Mudun da aka fi ɗauka shi ne yawan waɗanda suka fito. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 an ce kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun kaɗa ƙuri'a. A 2023, cikin mutum sama da miliyan 93, kimanin kashi 27 ne kawai suka fito. Raguwar abin damuwa ce, amma a yi hattara da alƙaluman. A 2003 babu na'urar tantance mai zaɓe, don haka cusa ƙuri'un bogi ya fi sauƙi. Yanzu sai BVAS ta tabbatar da yatsa ko fuskar mutum kafin a ba shi takarda.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta gani. Ƙuri'ar da aka saya da taliya ko atamfa, da wadda aka kaɗa bayan dogon tunani, duk ɗaya ake ƙirga su. Wanda tsoro ya hana fitowa kuwa ba ya cikin lissafin sam.

Saboda haka, bayan kun kaɗa ƙuri'a, doka ta ba ku damar tsayawa cikin lumana ku ga an ƙirga a bainar jama'a, an kuma liƙa sakamakon a rumfarku.