Yadda Kalmomi Ke Haɗuwa a Jimla

Ɗalibi, dubi wannan jimla da za ka iya ji a unguwar Herwagana ta Gombe: "Doguwar yarinya ta dawo jiya."

"Doguwa" sifa ce. Da yake ta gabaci suna, sai ta ɗauki mahaɗin "-r". Da namiji ne, "dogon yaro" za a ce. "Dawo" aikatau ne, "jiya" kuwa bayanau.

Amma lura da "ta". A Turanci, idan an ambaci suna, ba a sake kawo wakilinsa. Hausa ba ta yarda da haka ba. "Yarinya dawo jiya" kuskure ne mai saurin tona asirin baƙon harshe, domin "ta" ce ke nuna jinsi da lokaci.

Aiki: mayar da jimlar jam'i, ka fara da "Dogayen 'yan mata".