Amsoshin Tambayoyinku: Zuwa Dubai Karon Farko

Malama Hadiza daga Zinder ta aiko tana tambaya: me mai zuwa Dubai karon farko zai kiyaye?

To Malama Hadiza, mun gode. Ki tafi da sanyi, tsakanin Nuwamba da Maris, don zafin bazarar can ya fi na gida tsanani.

Sai magani. Tramadol da kodin, kada ki shiga da su babu takardar likita da izinin hukuma. Na sake faɗa, babu izini, kada ki ɗauka, domin hukuncinsu ɗauri ne.

Kada ki ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Jirgin ƙasan cikin gari yana da taragon mata, kuma ba a cin abinci a cikin jirgin. Kasuwar zinare kuwa tana Deira, kuma ana taya kaya, kada ki ji kunya.