Sayen Ganyen Shayi da Yadda Ake Haɗa Shi

Kalmar shayi aro ce daga Larabci, tushenta kuwa "ca" ta Sinanci. Baƙin shayi da kore ganyen tsiro ɗaya ne, sarrafawa ce ta bambanta su. Mai sayen ganyen awo a ƙaramin shagon intanet ba shi da damar shinshinawa, saboda haka wajibi ne ya tantance irin ganyen, da lokacin tsinkarsa, da inda aka noma shi, misali tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Baƙi ana jiƙa shi cikin tafasasshen ruwa minti 3 zuwa 5. Kore kuwa zafin digiri 80 ya wadatar, domin tafasasshen ruwa kan fito da ɗacinsa.

Aiki: A kawo kalmomin aro biyar da ake ji a teburin mai shayi.