Darasin Tarbiyya: Horar da Uwa Ta Waya Don Taimakon Yaro Mai Otizim

 

Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga tambayar da wata 'yar uwa ta yi mini bayan an tashi daga taro. Ɗanta ya shiga shekara uku bai taɓa cewa "Umma" ba. In ta kira sunansa ko waiwayowa ba ya yi, amma da an buɗe ledar biskit a ɗaki na gaba, sai ga shi. Uwar miji ta ce ai maza dama nauyin baki gare su, maƙwabciya ta ce iska ce. Likita a birni ya ce otizim ne, a riƙa kai shi wurin mai koyar da magana duk mako. To daga garinsu zuwa can tafiyar awa huɗu ce, ga goyo, ga kuɗin mota. Ta ce, "Malama, ni yanzu yaya zan yi?"

Amsar a taƙaice ita ce: akwai hanyar da ƙwararre zai horar da ke uwa daga nesa, ta waya, ke kuma ki zama mai koyar da ɗanki a cikin gida.

Mene ne otizim?

Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, wadda ke shafar mu'amalarsa da mutane da yadda yake isar da abin da ke ransa. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayaninta a 1943 bayan ya lura da yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi ganinta ga maza. Gado na da hannu sosai a ciki. Ba sakacin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo ta ba. Rahoton 1998 da ya yaɗa wannan zargi an janye shi a 2010 saboda an gano ba gaskiya ba ne.

Alamomin da ya kamata uwa ta lura da su: yaro ya shekara ba ya amsa sunansa, ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don ke ma ki gani, ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ya fara magana sai ta ɓace. Wani in yana son ruwa sai ya ja hannunki ya ɗora a kan randa ba tare da ya dubi fuskarki ba.

Yadda horon nesa yake

Iri biyu ne. Na farko, uwa ta bi darussa da bidiyo ita kaɗai. Na biyu, ƙwararre ya riƙa kiranta ta bidiyo, a WhatsApp ko Zoom, yana kallonta tana wasa da yaron yana yi mata gyara. Ko ta ɗauki bidiyo na 'yan mintoci ta tura masa, su duba tare. Wannan hanya ta yaɗu ƙwarai daga 2020, lokacin da annobar korona ta hana zirga-zirga.

Abin ba kame-kame ba ne. A Ingila, Farfesa Jonathan Green da abokan aikinsa sun gwada wani shiri mai suna PACT a kan yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4. Akan ɗauki bidiyon uwa ko uba da yaro, sannan a nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin isar da saƙo ba su ankara ba. An fitar da sakamakon a 2010, sannan binciken 2016 ya nuna cewa bayan kimanin shekara shida yaran da aka horar da iyayensu sun fi samun sauƙin alamomin. An kuma gwada irinsa a Indiya da Pakistan ta hannun ma'aikatan lafiya na gama-gari, ba manyan likitoci ba.

Waɗannan duk ido da ido aka yi su. A kan horon nesa kuwa, Farfesa Brooke Ingersoll ta Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ta kwatanta iri biyun nan a 2016. Duka ɓangarorin sun ƙaru, amma iyayen da ke da mai yi musu gyara sun fi iya aikin. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9, mai zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3. An gwada shi a ƙasashe da dama, har da Habasha, kuma a 2022 aka fitar da na intanet kyauta.

Gaskiyar da ya kamata mu riƙe ita ce: abin da ya fi fitowa fili a binciken shi ne ƙwarewar uwa. Ci gaban yaro kuwa a hankali yake zuwa, kuma kowane yaro da irin nasa. Horon ba ya raba yaro da otizim, hanya yake buɗe masa ta yin mu'amala.

Dabaru huɗu da ake koyarwa

1. Ki bi shi, kada ki ja shi. In murfin tukunya yake juyawa, kada ki ƙwace ki ba shi mota. Ki zauna a tabarma, fuskarki daidai da tasa, ki ɗauki wani murfin ki juya kamar yadda yake yi. Yaro ya fi lura da wanda ya shigo cikin wasansa.

2. Ki tsaya ki saurara. Wannan ita ce ta fi yi mana wuya mu iyaye, don kafin yaro ya nema mun riga mun miƙa. Ki yi masa cakulkuli sau biyu, na uku ki ɗaga hannu ki tsaya, ki ƙirga biyar a zuci. In ya dube ki, ko ya yi wani sauti, ko ya jawo hannunki, to magana ce ya yi. Maza ki amsa masa da cakulkulin. Haka wajen kunu: ki zuba kaɗan, ki jira ya nemi ƙari. Amma fa kada jira ya koma horo da yunwa ko sa shi kuka.

3. Ki rage magana. Maimakon "Zo nan maza ka sha ruwa kafin ka koma wasa", ki ce "Ruwa", kina nuna kofin. In ya fara faɗin kalma ɗaya, ke sai ki riƙa faɗin biyu: "Sha ruwa." Ki rage tambayoyin "Mene ne wannan?", ki riƙa faɗa masa sunan abin da yake kallo.

4. Ki sa darasin cikin aikin yau da kullum. Wanka, shafa mai, sa riga, cin abinci, duk aji ne. Ki riƙe kalmomi iri ɗaya kullum. Ki ɗaga ayaba da lemo ki bar shi ya zaɓa, ko da ido ne.

Abubuwan kiyayewa

Na farko, waya ba ta maye gurbin ganin likita. A fara kai yaro a duba shi, a kuma gwada jinsa, domin kurunta ma na hana magana. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kaduna na ganin irin waɗannan yara. A can za ki tambaya ko akwai wanda zai riƙa bibiyarki ta waya.

Na biyu, wayar taki ce, ba ta yaro ba. A jingine ta a gefe, ke ce abin kallonsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada ɗan ƙasa da shekara 2 ya zauna kallon allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Na uku, sirrin gida. Ki shawarci maigida, kada ki ɗauki yaro ba sutura, kada kuma ki zuba bidiyonsa a zauren jama'a. In intanet ba ƙarfi a garinku, gajeren bidiyo da saƙon murya sun wadatar.

Na huɗu, ki guji duk mai tallar maganin da wai zai warkar da otizim cikin kwana kaza. Addu'a kam ba ma barinta, amma duka da ɗauri da turara wa yaro hayaƙi cutarwa ce.

Na biyar, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da kika koya ki koya wa babansa da kakarsa da yayyensa, har abokiyar zama in akwai. Ke ma kina buƙatar hutu, kuma gajiyarki ba laifi ba ce.

Aikin gida

A wannan mako ki ware minti 10 sau biyu a yini. Ki zaɓi wasa ɗaya da yake so, ki yi dabara ta 1 da ta 2 kawai. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta duk lokacin da ya dube ki ko ya miƙo miki abu. Wannan littafi shi za ki karanta wa mai horar da ke ranar da ya kira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka kada ki zauna jiran ya cika shekara biyar wai ko bakin zai buɗe.

Shugabannin rassa kuma, mu duba cikinmu: wace 'yar uwa ce ta daina zuwa taro saboda kunyar ɗanta? Mu neme ta. In ba ta da babbar waya, mu ara mata.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.