Yadda za ka saita agogon rediyonka na gajeren zango

Masu ƙananan rediyoyin nan da ke nuna lambobi a fuskarsu, irin su Tecsun da Sony da XHDATA, kukansu kusan ɗaya ne idan suka je wurin mai gyara: ko dai agogon ya ƙi saituwa, ko kuma an saita shi amma kullum sai a tarar shirin da ake jira ya wuce. Galibi rediyon lafiyarsa ƙalau. Kafin ka kashe kuɗin gyara, ga abin da za ka duba.

Fara da kashe rediyon. A yawancinsu agogo ba ya saituwa muddin tasha tana magana, domin a lokacin maɓallan lamba da abin murɗawa aikin neman tasha suke yi. Idan ka kashe shi, nemi maɓallin da aka rubuta TIME ko CLOCK a jikinsa, ka danna ka riƙe har lambobin awa su fara ƙiftawa. Murɗa abin neman tasha har ka kai awar da kake so, ka sake dannawa, lambobin minti su ma su fara ƙiftawa, ka saita su, ka danna na ƙarshe. Kada ka yi jinkiri a tsakani, don bayan 'yan daƙiƙoƙi ƙiftawar takan tsaya, sai ka koma farko. In kuwa ka danna komai ya ƙi motsi, duba ko akwai hoton ɗan makulli a fuskar rediyon. Alama ce an kulle maɓallan, kuma sau da yawa a aljihu ko cikin jaka suke kulle kansu.

Wannan shi ne mai sauƙin. Abin da ya fi wahalar da masu sauraro shi ne wane lokaci za a saka.

Tashoshin gajeren zango suna watsa shiri zuwa ƙasashe da yawa a lokaci guda, saboda haka jadawalinsu da agogon GMT ake rubuta shi, wanda a takardun yanzu za ka ga an sa UTC. Ga mai sauraro duk ɗaya ne. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban GMT da awa ɗaya, Gana daidai take da shi, Sudan kuma tana gabansa da awa biyu. Shi ya sa shirin safe na BBC Hausa da ke zuwa 05:30 agogon GMT, a Kano da Damagaram shida da rabi ake jin sa, a Kumasi biyar da rabi, a Khartoum bakwai da rabi. Wanda ke Kano ko Damagaram ya karanta jadawali ya ɗauka agogon garinsu ake nufi, zai kunna rediyo awa guda kafin lokaci ya tarar da shuuu kawai, ko ya ji wani harshe daban a wannan mitar, ya ce rediyon ba ya kamawa.

Shawarata ita ce ka bar agogon rediyo a kan GMT. Lokacin gida ai yana wayarka da agogon bango, amma babu abin da ke nuna maka GMT a ɗakinka sai rediyon. Da haka, abin da ka gani a jadawali shi za ka gani a fuskar rediyo, ba lissafi. Sai dai ka tuna ƙararrawar rediyon agogonsa take bi. Idan da ita kake tashi sahur ko sallar asuba, to ka rage tazarar ƙasarku da GMT wajen saita ta, ko ka bar agogon a kan lokacin gida. Wasu rediyoyin suna riƙe lokaci biyu, na gida da na GMT, kuma a nan abin da ya kamata ka tabbatar shi ne tazarar da ke tsakani daidai take da ta ƙasarku.

Ka kuma mai da shi tsarin awa 24, inda ƙarfe uku na rana ke fitowa 15:00, takwas da rabi na dare 20:30. Tsarin awa 12 shi ke sa ƙararrawar da aka yi nufin ta tashi mutum da asuba ta yi kuka da la'asar. Idan akwai maɓallin DST, kada ka taɓa shi. Na ƙasashen da ke tura agogonsu gaba da awa ɗaya a lokacin bazara ne, kamar Ingila da Jamus da Faransa; mu ba ma yin haka, GMT kansa ma ba ya motsawa. Abin da ke sauyawa shi ne jadawalin tashoshi, sau biyu a shekara, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris da ta watan Oktoba. Idan tasha ta ɓace maka a waɗannan makonni, mita aka sauya, agogonka bai yi laifi ba.

Don samun daidai har daƙiƙa, rediyo ne zai ba ka. Tun 1924 BBC take buga 'yan sautukan nan shida a kan awa; a yanzu biyar gajeru ne, na shida mai ɗan tsawo, kuma farkon na shidan shi ne cikar awa. Tunda saitin yana buƙatar rediyo a kashe, ka saurara da wani rediyon, ka shirya lambobinka, ka danna na ƙarshe da jin dogon sautin. Kada ka yi da shirin da kake ji ta intanet, domin yakan makara da daƙiƙoƙi masu yawa. Akwai ma tashoshin da ba su da aiki sai faɗin lokaci, kamar WWV ta jihar Kolorado a Amurka, a kan kilohaz 10,000 da 15,000, da RWM ta Rasha a kan 9,996 da 14,996, amma suna da nisa da mu, sai yanayi ya yi kyau suke shigowa.

Saura batir. Agogon da batir yake rayuwa ko rediyon yana kashe, don haka idan ka cire su duka ka daɗe, zai koma 00:00. Ka ajiye sababbin a kusa kafin ka buɗe murfin, ka sauya da sauri, ko ka jona rediyon da wuta tukuna. Idan agogon yana gogewa da kansa, duba 'yan ƙarafunan da batir ke taɓawa, wataƙila sun yi tsatsa ko sun saki. Zafi da sanyi kuma suna sa shi gudu ko jinkiri kaɗan, sai ka riƙa gwada shi da sautukan BBC sau ɗaya a wata.

A rediyoyi irin XHDATA D-808 akwai tsarin RDS, wanda ke iya ɗaukar lokaci daga tashar FM ya saita agogo ba tare da ka sani ba. Idan agogon tashar ba daidai yake ba, naka ma ya karkace, kuma ko daidai yake, lokacin gida zai iya maye gurbin GMT ɗin da ka saka. Shiga saitin lokaci ka mai da shi na hannu.