Darasi: Malama A Ƙasar Baƙunci, Misalin Ingila

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan uwa mata, da yawa daga cikinmu kan bi mazajensu Ingila, wani karatu ya kai shi, wani aikin asibiti. Ba a daɗewa makwabta za su gane kin yi Islamiyya, sai ki ji an ce ki riƙa koyar da yara a masallaci da yamma, ko Asabar da Lahadi. To, amana ce babba. Wadda za ta ɗauke ta sai ta san wurin tukuna, ta kuma iya rarrabe abin da yake addini da abin da yake sabon gida.

Wannan yana da asali a sunna. Da Manzon Allah (SAW) zai aiki Mu'azu ɗan Jabal (RA) Yaman, sai da ya sanar da shi cewa Ma'abota Littafi zai tarar, ya kuma tsara masa kira daki-daki: tauhidi, sannan salla, sannan zakka. Kin ga sanin mutanen ya riga karantarwa.

Na farko, mazhaba. Yawancin yaran da za ki samu asalin iyayensu Fakistan ne ko Bangaladash ko Indiya, kuma Hanafawa ne. La'asar ɗinsu sai inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu. Wutirinsu raka'a 3 ne a haɗe, a cikinsa suke ƙunuti, mu kuwa Malikawa a Asuba muke yi. 'Ya'yan Somaliyawa Shafi'awa ne, suna bayyana Bisimilla a salla. Kada ki ce wa yaro sallar uwarsa ba ta yi ba. An ruwaito cewa halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta Muwaɗɗa a kan dukkan garuruwa, Imamu Malik da kansa ya hana, domin sahabbai sun warwatsu, kowane gari da ilimin da ya iske shi.

Na biyu, Mus'hafi. Ruwayarsu Hafsu ce kamar ta Islamiyyunmu, amma rubutun daban ne da bugun Madina, da yawa mai layi 13 suke riƙewa. Wadda ta tashi da Warshu a makarantar allo ta kula sosai, kada ta gyara wa yaro karatun da yake daidai. Ki nemi irin nasu ki saba da shi kafin ki shiga aji.

Na uku, lokaci da alƙibla. Mun saba cewa a fuskanci gabas, amma a Landan alƙibla kudu maso gabas take. Cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, cikin Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Ke nan da sanyi Azahar kan riski yara suna makarantar boko, La'asar kuma ta matse. Ki koya musu yadda za su nemi wurin salla cikin ladabi lokacin hutun cin abinci.

Na huɗu, bulala. 'Yar uwa, ki baro ta a gida. Majalisar ƙasar ta hana dukan ɗalibai a makarantun gwamnati da dokar 1986, ta haɗa da makarantun kuɗi na Ingila a 1998, kuma an sha gurfanar da malaman makarantun masallaci a kotu saboda dukan yara. Anas (RA) ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 bai taɓa tsawata masa ba, balle duka. Yaron can yana yawan tambayar dalili, tarbiyyar makarantarsu ke nan, kada ki ɗauka raini ne.

Na biyar, doka da gida. Ki tabbata bizarki ta ba ki damar aiki, ki kuma yi takardar binciken DBS da ake nema ga masu aiki da yara. Ki yi shawara da maigida ki sami yardarsa, domin can babu kaka ko ƙanwar da za ki bar wa yara. Kada kuma ki koyar da 'ya'yan mutane ki manta naki. Ki ware musu lokacin karatu, ki riƙa yi musu Hausa a gida, don kada su dawo sai da tafinta tsakaninsu da kakanninsu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana a duk inda muka sami kanmu, Ya shirya mana zuriya. Wallahu a'alamu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.